Ranar da Kububuwa Ta Sari Sarkin Ruwa

Ƙarfe tara da minti goma na safe abin ya faru, ranar kasuwar Makarfi, a rani na biyu bayan an ba mu mulkin kai. Mu huɗu ne a bakin tafkin a daidai lokacin: ni, da kawuna wanda shi ne Sarkin Ruwan ƙauyenmu, da babban ɗansa taubashina, da wani tsohon wanzami abokin Kawu da ba sa rabuwa. Sauran jama'a suna can tsaye a kan tudu, suna jiran a ba su izinin shiga ruwa. Na san lokacin domin ina ɗaure da agogo, kuma tun ina saurayi ba na barin abu ya wuce ban duba shi ba.

Sai na fara faɗin yadda ake yin su, wato kamun kifi na gayya, a wurinmu, in ba haka ba mai karatu ba zai ga inda kuskuren yake ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Dandamisa, a gefen fadama. Idan rani ya yi nisa rafi ya tsinke, ruwa yakan taru a wani babban tafki, kifi kuma ya taru a cikinsa. Ba mai jefa ko ƙugiya a wannan tafki sai ranar da Sarkin Ruwa ya sa, kuma yakan sa ta ranar kasuwa domin a kai kifi da ɗanyensa. Ana gobe su, da la'asar, kowane masunci yakan kawo homarsa ta kamun kifi da goransa, a tara su tsibi guda a cikin busasshiyar ciyawar bakin ruwa. Sarkin Ruwa ya zagaya tsibin, ya zagaya tafkin, ya yi tofe-tofensa. Wannan shi ake kira ɗaure ruwa. Kayan su kwana a nan, kowa ya koma gida da tabbacin cewa gobe ba kada, ba maciji, ba wani abu mai baki da zai taɓa mutum. Da safe Sarkin Ruwa ne zai fara zare homarsa daga tsibin, ya fara shiga, ya kama kifin farko, sannan ya ɗaga hannu jama'a su auka.

Haka kakanmu ya yi, haka Kawu ya gada. Tun da ya hau ba a taɓa saran kowa ranar su ba, kuma duk girmansa a ƙauyen a kan wannan ya tsaya. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da karatu. Abin da yake da shi ke nan.

Ni kuwa karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba. Amma na yi shekara uku ina aiki a ɗakin shan magani na Makarfi, ina shara, ina dafa allurai, ina riƙe marasa lafiya idan za a wanke musu gyambo. Malamin asibitin da na yi wa aiki mutumin kudancin Zariya ne, tsohon soja, ba ya faɗin magana sau biyu. Shi ya sa ni na haddace abin da ake yi wa wanda kububuwa ta sara, yana tambayata ina amsawa a tsaye. Ya ce dafinta ba ya kayar da mutum nan take, shi ya sa ake raina ta. Aikinsa shi ne ya hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zuba ta ciki da ta waje har ya ƙare. Na kuma ga haka da idona a kan waɗanda aka kawo mana an riga an tsattsaga musu ƙafa. Auduga ba ta isar su.

To, ranar nan Kawu ya tsaya a gaban tsibin, ƙafa ba takalmi, ya sunkuya ya jawo homarsa. Sai na ji wata ƙara a cikin ciyawar, irin wadda ruwa ke yi idan ya ɗiga a kan kasko mai zafi. Kububuwa ce ke yin haka, tana goga jikinta. Kawu ya fizge ƙafarsa ta hagu. Na ga wani abu gajere, kalar ƙasa, mai ɗigo-ɗigo, ya sulale ya shige ciyawa. Kawu ya miƙe tsaye ƙyam, ya gyara hularsa.

Na ce, "Kawu, me ya same ka?"

Ya ce, "Ƙaya."

Na ce, "Kawu, ai na ji..."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi mana muna yara idan mun taɓa masa taru. Ya ce, "Na ce maka ƙaya."

Ya juya ya shiga ruwa. Ban hana shi ba. Wannan laifi ne, kuma nawa ne, ina rubuta shi a nan domin kada a ɗauka na yi komai daidai. Ina da shekara ashirin da shida, shi ƙanin uwata ne, idon ƙauye duka yana kansa, sai bakina ya mutu. Abin da na iya yi kawai shi ne na ɗauki doguwar sanda na wargaza tsibin daga nesa, na baza homa da gora a fili kafin mutane su zo su cusa hannu. Na ji ana cewa daga tudu, "Ɗan boko ya fara." Macijiyar ban sake ganinta ba, ban kuma neme ta ba.

Kawu ya kama tarwaɗa, ya ɗaga ta sama, jama'a suka auka da ihu. Ya zauna a cikin ruwan nan awa ɗaya da minti ashirin yana kaiwa yana komowa, yana ba da umarni, duk motsin da ya yi yana tura dafin gaba. Ni ina bakin ruwa ban shiga ba, idona yana kansa.

Ƙarfe goma da rabi ya fito yana ɗingishi, ya tafi gindin wani ɓaure nesa da mutane ya zauna. Na bi shi. Taubashina da wanzami suka biyo baya. Idon sawun ya kumbura har ya shafe, ga ramuka biyu ƙanana suna tsattsafo da jini. Yanzu kam ba mai cewa ƙaya.

Taubashina ya kwance igiyar homarsa zai ɗaure cinyar. Na riƙe igiyar.

Ya ce, "Kai bawana, sakar mini. Ubana ne ko naka?"

Mu taubasai ne, kowannenmu yana kiran ɗan'uwansa bawa tun muna yara, amma ranar nan ba da wasa ya faɗa ba. Na ce, "Idan ka shaƙe cinyar nan, dafin yana nan bai fasa ba, ƙafar kuma ta ruɓe a yanke ta. Ajiye igiya."

Kafin in rufe baki wanzami ya tsuguna, ya shimfiɗa zabirarsa, yana laluben aska da ƙaho. Nufinsa ya tsattsaga wurin ya kafa ƙaho ya zuƙe, yadda ake yi tun kakanni. Na durƙusa a gabansa, na ɗora tafin hannuna a kan zabirar.

Na ce, "Baba, ka yi mini gafara, yau askar nan ba za ta fito ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Yaro, ni na yi maka kaciya. Da askar nan. Ba ka mutu ba, ga ka nan har da agogo."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma ranar da ka yi mini, jinina ya tsaya. Na Kawu yau ba zai tsaya ba."

"Wa ya faɗa maka? Bature?"

"Ba sai an faɗa maka ba, Baba. Ka fi ni sanin jini. Dubi damtsensa."

A damtsen Kawu akwai wani ɗan karce da ƙayar kifin ƙurungu ta yi masa a cikin ruwa, abin da bai kai a kula da shi ba. Yana ta zubar da jini siriri har gwiwar hannu. Wanzami ya goge wurin da bakin rigarsa, ya danne da babban yatsa. Ya daɗe yana danne da shi, leɓensa yana motsi. Ya ɗaga. Jini ya sake fitowa. Ya ɗebo toka daga wata 'yar jaka ya shafa, ya sake dannewa, ya fi na farko daɗewa. Ya ɗaga. Jini ya huda tokar ya gangaro.

Tsohon nan ya yi shekara hamsin yana yanka fatar mutane, ya san lokacin da jini ya kamata ya tsaya kamar yadda ya san lokacin azahar. Ya janye hannuna daga kan zabirar a hankali, ya naɗe ta da kansa, ya ɗaure, ya cusa a hammata. Sannan ya ce wa Kawu, "Sarki, wannan ba aikina ba ne."

Kawu ya ce, "To ku ba ni wuri. Na sha maganin maciji tun kafin a haifi yaran nan. In na huta zan taka in tafi gida."

Ya yi tofi a gefe, ja wur. Na nuna. Ya ce, "Goro ne, likitan shara."

Na ce, "To Kawu, a kurkure baki."

Na ba shi ruwa a buta. Ya kurkure ya zubar, sau uku. Na cire farar hulata na tara masa, na ce ya tofa a ciki. Ya tofa. Mu huɗu muka sunkuya muka duba. Ba goro ba ne. Dasashinsa ne ke zuba.

A nan ne Kawu ya daina musu, ni kuma na samu bakin magana. Na faɗa musu abin da za a yi bi da bi, ban ce don Allah ba. Na farko, Kawu ba zai sake taka ƙasa ba. Na biyu, duk abin da ke ɗaure a ƙafar za a cire kafin kumburi ya cinye shi. Na uku, za a tallafe ƙafar kada ta motsa. Na huɗu, za a ɗauke shi zuwa Makarfi, daga can Zariya, domin a babban asibiti ne kaɗai ake da allurar da ke karya wannan dafi.

Akwai laya ɗinke da fata ɗaure a ƙwaurinsa, ta riga ta fara nutsewa cikin nama. Na nemi izininsa, na yanke igiyar na damƙa masa layar a hannu. Na sa taubashina ya ɗebo kara masu ƙwari, muka jera su gefe da gefe tun daga cinya har diddige, muka naɗe da rawanin wanzami, naɗi mai sauƙi wanda yatsa ke iya shiga ƙarƙashinsa. Ramukan saran na rufe su da tsabtataccen ƙyalle kawai, ban shafa komai ba. Muka sare rassa biyu miƙaƙƙu, muka ninka taru a tsakaninsu.

Da Kawu ya ga abin da muka haɗa, sai ya yunƙura zai tashi. Na danne masa kafaɗa.

Ya ce, "Makara? Ni za ku sa a makara da raina?"

Na ce, "Ba makara ba ce, Kawu."

Ya ce, "Mutum huɗu, itace biyu, mutum kwance a tsakiya. Me ake ce da ita a bokonku?" Ya nuna tafkin da haɓa, inda jama'a ke ta ihu ba su san abin da ake ciki ba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Jiya na tsaya a gabansu na ce ba abin da zai taɓa kowa. Idan kuka ratsa da ni ta cikinsu a kan wannan abu, ko na dawo ban dawo ba. Gara in mutu a ɗakina ina Sarkin Ruwa."

Malamin asibiti bai koya mini amsar irin wannan magana ba. Na duba agogo, goma da minti hamsin da biyar, kowane minti yana tafiya da jinin Kawu. Wanzami ne ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Sarki, me ka ɗaure jiya?"

"Ruwa."

"An sari wani a cikin ruwan?"

Wanzami ya nuna tafkin da hannu, ya ci gaba.

"Ga su can, mutum ya fi ɗari, tun safe suke ciki, ko ƙwaro bai ciji kowa ba. Aikinka ya ci. A kan tudu ta same ka, tudu kuwa ba kai ke da shi ba. Ni zan je in faɗa musu haka, wanda ya musa ya zo ya same ni."

Taubashina ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Batun makara kuma, Baba, gawa ba ta zagi. Ka sa hularka, mu ɗaga maka kai, ka yi ta zaginmu har Makarfi. Duk wanda muka wuce zai san kana da rai."

Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗan banza."

Taubashina ya ce, "Yawwa, haka za ka riƙa yi."

Muka ɗaga shi muka ɗora. Wanzami ya je bakin ruwa ya yi shela yadda ya ce, ya dawo da maza takwas jiƙe sharkaf. Ban ji wanda ya yi dariya ba. Na raba su huɗu-huɗu, na ce kowane minti goma za a canja, ba gudu, ba girgiza, ba tsayawa. Ƙarfe sha ɗaya da minti biyar muka ɗaga.

Kawu ya cika alkawari. Ya zagi na gaba cewa tafiyarsu ta agwagwa ce, ya zagi na baya cewa ba su ci tuwo ba. Ni ya fi zagina, har ya haɗa da malamin da ya koya mini abacada. Ina jin daɗin zagin, domin muddin yana yi na san hankalinsa yana jikinsa. Da muka yi rabin hanya ya ce zai yi amai. Na sa aka sauke, muka juya shi a kan gefensa don kada ya shaƙe, ya yi, akwai jini a ciki. Wata tsohuwa ta fito daga wani gida da ƙwarya cike da jiƙo, ta rantse ya tashi mutum bakwai. Na gaishe ta da kyau, na yi mata godiya, na ce ba zai sha ba. Ta ce mini marar albarka. Ruwa kaɗai na ba shi, kurɓi biyu, muka ci gaba. Daga nan zagin ya fara raguwa, ni kuma na rage hutun canji.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma muka shiga Makarfi ta bayan kasuwa. Tsohon maigidana yana bakin ɗakin shan magani. Ya duba ƙafar, ya ɗaga leɓen Kawu, ya cusa yatsa ƙarƙashin rawanin ya ji sauƙinsa. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Yaushe ta sare shi?" Na faɗa, har da daɗewar da ya yi a cikin ruwa. Ya ce, "Ina kake awa ɗaya da minti ashirin?" Na sunkuyar da kai. Bai ƙara ba, ya rubuta takarda ya miƙo mini, ya ce, "Zariya. Yanzu."

Akwai wata babbar mota a tasha ana yi mata lodin mazarƙwaila. Direban ya ce lodi bai kai rabi ba, sai la'asar. Ban yi gardama da shi ba. Na zaro hulata daga aljihu na buɗe masa ya ga jinin, na ja shi ya ga Kawu a kwance. Ya yi salati, ya daka wa masu lodi tsawa su sauka. Muka kwantar da Kawu a baya a kan buhuna, ni na rungume ƙafar, taubashina ya riƙe kai, wanzami ya zauna yana ja masa addu'a. Hanyar a lokacin ba kwalta, kowane rami sai na ji shi a haƙorana. Kawu ya daina zagi gaba ɗaya. Ina kiransa lokaci lokaci, yana amsawa da ƙyar.

Ƙarfe uku saura kwata muka isa asibiti. Aka shigar da shi. Likita ya tambaye ni irin macijin. Na faɗi tsawonsa, da launinsa, da ƙarar da ya yi. Ya kai ni gaban wasu kwalabe da aka jiƙa matattun macizai a ciki, na nuna kububuwa. Ya ce ya isa. Suka ɗebi jinin Kawu a wata 'yar kwalba suka ajiye a kan tebur. Bayan wani lokaci likita ya karkata ta, jinin ya gangara kamar ruwan zoɓo. Suka sa masa allurar ta jijiya, a hankali. Jikinsa ya ɗauki ɓari, fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, taubashina ya tashi zai yi faɗa, na zaunar da shi. Suka tsayar, suka yi masa wata allura, ɓarin ya lafa, suka ci gaba. Kafin magariba suka sake gwada jinin, bai daskare ba, suka ƙara masa.

Washegari ƙarfe takwas da kwata na safe likita ya zo da 'yar kwalbar a hannu. Ya tsaya a gaban gadon, ya kira mu mu uku. Ya kifar da kwalbar, baki ƙasa. Ba abin da ya zubo. Jinin ya daskare ya manne a gindinta kamar kafaffen koko. Wanzami ya karɓa ya jijjiga ta da kansa, ya kai ta kusa da idonsa, sannan ya ce, "Allahu akbar. Ya tsaya." Taubashina ya fashe da kuka, ya rungume ni yana cewa, "Bawana, na 'yanta ka." Na ce masa ya sake ni, ana kallonmu. Amma ni ma sai da na fita waje na ɗan tsaya a bayan ɗakin.

Da na dawo likita yana duba ƙafar. Ya ce da an tsaga ta da jinin ya ƙare tun a hanya, da an shaƙe ta da igiya kuma da yanzu maganar yankewa ake yi. Ya tambaya wa ya hana. Kawu ya buɗe ido, ya nuna ni da leɓe, ya ce, "Wancan marar kunyar." A duk rayuwata ba a taɓa yi mini yabon da ya kai wannan ba.

Kwana goma sha ɗaya Kawu ya yi a asibiti. Ranar da muka koma, motar ta sauke mu a bakin hanya, aka kawo jaki, ya ƙi hawa. Ya shiga ƙauye da ƙafarsa, ƙafa biyu cikakku, yana dogara sanda. Mata suka yi guɗa, maza suka yi ta zuwa gaisuwa har kwana uku. Ban ji wanda ya kira shi da wani suna ba sai Sarkin Ruwa, kuma ya riƙe sarautar shekaru masu yawa bayan haka, har Allah ya karɓi abinsa a kan gadonsa da ciwon tsufa.

Da rani ya zagayo, ana sauran kwana uku a yi su, ya tara masunta a ƙofar gidansa ya kafa doka, kamar shi ya ƙirƙiro ta. Ba za a sake tara kaya a cikin ciyawa ba, za a kafa rumfa a rataye su. Za a share bakin tafki a ƙone ciyawar tun kafin ranar. Ba mai ɗaga gora ko homa da hannu sai ya fara taɓa ta da sanda. Itace biyu da taru za su kwana a gindin ɓaure, haɗe. Bai ambaci sunana ba, ni ma ban so ya ambata ba. Ya ci gaba da ɗaure ruwansa kamar da, ba wanda ya hana shi.

Wanzami kuwa daga ranar bai sake sa aska a kan saran maciji ba, kuma bakinsa ya fi nawa kaiwa nesa. Duk inda ya je aski ko suna, daga Paki har Likoro, sai ya ba da labarin kwalbar da aka kife. Ta dalilinsa mafarauta suka fara zuwa wurina. Su nasu kuskuren daban ne. Sukan cusa hannu a ramin gafiya har kafaɗa, sukan bi macijin da ya sari ɗan'uwansu don su kashe shi a sari na biyu, wasu su ɗauki yankakken kai da hannu alhali yana iya sara. Na riƙa zaunar da su ina tambaya suna amsawa, yadda aka yi mini. Wasu sun ji. Wasu sun ce suna da magani, ban yi musu da su ba, na ce su riƙe maganinsu a hannu a kan hanyar asibiti.

Yanzu na tsufa, kuma har yau ina jin ana tsaga mutane ana shaƙe musu ƙafa. Saboda haka ina da roƙo gare ka, kai mai karanta wannan. Kafin ka fita su ko farauta, ka bincika ka san asibitin da ke da allurar dafin maciji a kusa da ku, ka kuma san wanda zai ba ku mota. Idan an sari wani a gabanka, ka janye shi daga wurin, ka kwantar da shi, ka cire abin da ke ɗaure a jikinsa, ka tallafe gaɓar, ku ɗauke shi nan take, ko da ubanka ne, ko da ya ce ƙaya ce. Sannan ka nemi masunci ko maharbi guda a garinku wanda bai iya karatu ba, ka zaunar da shi, ka karanta masa wannan daga farko har ƙarshe.